Itacen Wankan Jego a Ƙofar Gidanmu

Murna, ke ce 'yar farina, kuma idan kin girma za ki san yadda muke: ko sunanki ba na iya kira a gaban mutane, balle wata rana in zaunar da ke in buɗe miki cikina. Shi ya sa nake rubuta wannan tun kina rarrafe, tun abin yana ɗanye a raina. Za ki ji labarin makon da aka haife ki daga bakuna da yawa. A dangin babanki akwai masu cewa taurin kai na yi, na sa ranki a hatsari don in faranta wa maƙwabta rai. Ba zan ce ƙarya suke yi ba, abin da suka gani suka faɗa. Amma ni ce nake cikin gidan, kuma ina so ki san dalilin da ya sa ban shiga motar da kowa ya shiga ba.

Mu Hausawa ne, Kirista tun daga kakana. Mahaifiyata ta rasu ina sakandare, saboda haka da babanki Ishaya ya aure ni ya kawo ni Wudil, ba ni da uwar da zan koma wa in haihu a gabanta. Haya muka kama a Sabon Gari, ciki da falo, da ɗan tsakar gida na siminti da ƙofar ƙarfe. Katangarmu ɗaya da gidan wata tsohuwa, Gwaggo Sabuwa. Mijinta masunci ne, ya daɗe da rasuwa, tana zaune da ɗanta Malam Sani mai dillancin shanu a kasuwar kara. Su Musulmi ne, kamar kusan kowa a layin. Tsakanina da ita gaisuwa ce, irin doguwar nan da sai an tambayi gida da gajiya da mai gida da kwanan jiki. Da sallah ta aiko mana da tuwo, da Kirsimeti mu aika mata da shinkafa. Ban taɓa shiga ɗakinta ba, ita ma ba ta taɓa wuce bakin ƙofarmu ba.

Lokacin da naƙuda ta zo babanki yana can wajen Abuja, inda suke ɗaura tayil a wani gini. Yayarsa, Yaya Tabita, ita ta zo daga ƙauye ta zauna da ni. Ina so ki riƙe wannan da kyau: Yaya Tabita mutuniyar kirki ce. Ita ta riƙe hannuna a asibiti, ita ta fara ɗaukarki. Tana budurwa rikici ya taɓa rutsa ta a wani gari, ta fito da zanen jikinta kaɗai, kuma wanda ya nuna gidansu mutumin da suke gaisawa da shi kullum ne. Wanda ya ga irin wannan ba a ce masa matsoraci.

Washegarin da aka sallamo mu Gwaggo Sabuwa ta shigo barka. Ta tarar da Yaya ta ɗora ruwa a kan gas, ta juye a bokiti ta sirka, za ta kai mini banɗaki. Tsohuwar ta tsoma yatsa a ciki, ta tambaya ko na jaririya ne. Yaya ta ce na uwar ne. Gwaggo ta dubi tsakar gidan lungu-lungu, ta leƙa bayan ɗaki, ta tambaya ina muka tara itace. Yaya ta ce mu da gas muke girki. Ta ce to Allah ya raya, ta fita ko zama ba ta yi ba, fuskarta a ɗaure. Da ta tafi Yaya ta ce mini, kin ga yadda take ƙare wa gidan kallo kamar mai auna shi? Na ce tsufa ne kawai. Amma maganar ta zauna mini.

A ranar ne da yamma labari ya fara shigowa cewa an yi faɗa a wani gari, an ƙona gidaje, kuma abin ya koma na addini. Waya ba ta huta ba. Wannan ya turo murya, wancan ya turo hoto, ba ka sanin na yau ne ko na shekarun baya. Masu shaguna a bakin titi suka ja ƙofofinsu, aka ce an ga sojoji a gadar garin. Fastonmu ya kira ya ce duk mai so ya hallara a coci gobe bayan azahar, wani ɗan'uwa mai bas zai kwashi mata da yara zuwa ƙauye har gari ya lafa. Babanki ya kira ya ce hanya ba ta biyuwa, ba zai iya zuwa ba, in bi Yaya duk inda ta ce. Muka haɗa jaka. Na sa takardar sakandarena, da zannuwan aurena, da kayanki, na zauna ina kallon jakar ina mamakin yadda duk abin da na mallaka ya shige cikinta.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, muka ji ƙarar amalanke ta tsaya a ƙofar gida. Sai muka ji ana jefa abubuwa masu nauyi a jikin katangarmu, ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta lallaɓa ta leƙa ta hujin ƙofa. Da ta juyo, na ga fuskar da ban taɓa gani a jikinta ba.

"Itace suke jibgewa a jikin katanga," ta ce a hankali. "Ga jarkoki kuma."

Ni ma na ja jiki na leƙa. Maza biyu suna sauke itace, manya-manyan gumagumai da ƙirare, ga jarkoki rawaya a jere, ga Malam Sani a tsaye yana nuna musu inda za su ajiye. Aka buga ƙofa. Muka koma ɗaki muka kulle, muka durƙusa. Aka sake bugawa, ba mu amsa ba. Na yi ƙoƙarin yin addu'a, ni da nake jagorantar waƙa a zumuntar mata, amma duk abin da na haddace ya gudu, ban da sunan Yesu babu abin da bakina yake iya kamawa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai warin hayaƙi ya fara shigowa ta taga.

Yaya ta miƙe ta ce ba za mu mutu a ɗaki ba. Ta jawo turmi ta kifa a gindin katangar baya, ta ce za ta haura da ke, ni in biyo. Na gwada ɗaga ƙafa, ɗinkin da aka yi mini ya ja, na ga duhu, na zube. Na san ba zan iya ba. Sai na miƙa mata ke. Murna, kwananki bai kai na suna ba, na ɗaga ki da hannuwana biyu na miƙa wa wata, na ce ta tafi. Har yau idan na tuna, hannuwan nan sai su yi sanyi. Ta goya ki, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan turmin, sai muka ji murya daga waje, muryar tsohuwa mai faɗa.

"Wai mutanen gidan nan barci suke yi ne da rana tsaka? Rahila, buɗe ƙofa mana, ruwa ya tafasa."

Yaya ta yi mini alama da hannu kada in je. Ban san abin da ya ja ni ba, na dafa bango na tafi na zare sakata. Abin da na gani shi ne murhu na duwatsu uku a gefen katanga, da wata baƙar tukunya babba tana tafarfasa a kai, da damin ganyen darbejiya a cikin kwarya. Jarkokin nan ruwa ne, na mai ruwan unguwa. Itacen kuwa daga ƙauyen Utai ta sa aka kawo, daga gonar ƙanenta. Ta buga ƙofa don a hura wutar a ciki, da ba mu buɗe ba ta hura a waje. Wankan jego ta zo yi mini. Tun jiya da ta tsoma yatsa a bokitin nan abin yake cin ta, wai yarinya ta haihu ba uwa, ba itace, ana yi mata wanka da ruwan da ko kaza ba zai fige ba.

Na zauna a ƙasa ina kuka. Gwaggo ta dube ni, ta dubi Yaya da goyo a baya, ta dubi turmin a gindin katanga, ta juya ta dubi itacen da jarkokin. Na ga lokacin da ta gane. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

"Au," ta ce. "Abin da kuka zata ke nan?"

Malam Sani ya sunkuyar da kai, ya kaɗa rigarsa ya shige gida. Tsohuwar ta daɗe tana gyara itace a murhu, itacen da ba ya bukatar gyara. Can ta ce Allah ya kyauta, ta ce in tashi in cire zane, ruwa ba ya jiran kowa.

Wanda bai sha wankan nan ba ba zai gane ba. Ta zaunar da ni a kan kujera 'yar tsuguno a banɗaki, ta tsoma ganyen a ruwan, ta yi bisimilla, ta fyaɗa mini a baya. Na ƙwalla kiran sunan Yesu da ƙarfina. Ta ce in kira wanda na sani, ba ta hana ni ba, amma in tsaya cak in daina zillo kamar tarwaɗa. Na ce mata ma'aikaciyar asibiti ta ce kada ruwan ya yi zafi da yawa. Ta ce ma'aikaciyar 'ya'ya nawa ta haifa? Amma na lura ta ƙara ruwan sanyi, tana yi tana mita. Ta gasa mini ciki da baya da ƙugu, ta matse ni da hannuwan nan nata masu kaushi, tana faɗan 'yan matan yanzu da mazajensu da ba su san a tara itace tun ciki yana wata bakwai ba. Da ta gama, jikina ya saki, na ji wani irin sauƙi da ban ji ba tun da na haihu. Rabon da wani ya taɓa jikina haka, yana faɗa yana gyara ni, tun mahaifiyata tana da rai. Ta kawo kunun kanwa ta tsaya a kaina sai da na sha.

Azahar ta matso, maganar mota ta taso. Yaya ta ja ni ɗaki ta ce ta yarda mun yi kuskure a kan itacen, amma wannan bai canja komai ba, gari yana nan yadda yake.

"Tsohuwa ɗaya ce fa, Rahila. Idan suka zo, da ganyen darbejiya za ta tare su?"

Gaskiya ta faɗa. Na fita na sami Gwaggo tana kwashe garwashi, na durƙusa na gaya mata an ce mu tafi, na tambaye ta tsakaninta da Allah ko tana ganin za mu tsira idan muka zauna. Na so ta rantse mini. Ba ta rantse ba.

"Ni ban san abin da gobe za ta zo da shi ba, 'yar nan, ba ni nake riƙe da gari ba. Idan kin tafi ban ga laifinki ba. Amma jikin nan naki ɗanye ne, hanyar ƙauyenku kuwa na san ta. Itace dai na kwana arba'in na sa aka kawo."

Na juya na dubi tulin itacen, ya kusa kai rabin katanga. A ranar kowa a cikinmu sa'o'i yake lissafawa, yaushe mota za ta tashi, yaushe za a rufe gada. Ita kuwa tun jiya, da labarin faɗan yana kunnenta kamar kowa, ta aika Utai a kawo itacen da zai kai ni har ranar fita wanka. A ranta ta riga ta gama cewa ina nan, ke ma kina nan, kuma safe da yamma za ta zo. Fasto ya sha yi mana wa'azi cewa mu nemi abin da ba ya ruɓewa, abin da wuta ba ta ci, ɓarawo ba ya ɗauka. Kullum na ɗauka maganar sama ce kawai, sai bayan mutuwa. A ranar na ga jakata a bakin ƙofa, duk abin da ke ciki ashana ɗaya ta ishe shi, na kuma ga tsohuwar da muka zarga da mugun abu ba ta fasa abin da ta zo yi ba. Ban ji wata murya daga sama ba, kada wani ya gaya miki haka. Tsoro bai bar ni ba ko kaɗan. Na dai ji a raina cewa Ubangiji ya aiko mini da uwa har ƙofar gida, a cikin mayafin da ban zata ba, kuma idan na tsallake ta na shiga mota, zan tsira da jikina wataƙila, amma zan rayu ina ganin kowane maƙwabci a matsayin mai jiran ranar ƙona ni. Na ga abin da wannan ya yi wa Yaya. Ban so in shayar da ke shi ba.

Na gaya wa Yaya ba zan tafi ba. Ta yi magiya, ta yi faɗa, ta ce to in ba ta ke. Na ce jaririya ba ta rabuwa da nono. Ta ce idan wani abu ya sami yarinyar nan, ni da Allah, kuma kada in sake kiran ta Yaya. Ta ɗauki jakarta tana kuka, ni ma ina kuka. Da na gaya wa babanki a waya, ya kashe, ya yi kwanaki bai kira ba.

Kada ki ɗauka tsoron nasu na banza ne. Washegari da la'asar, Gwaggo tana hura wutar wankan yamma, muka ji hayaniya ta shigo layinmu, samari da yawa, ana buga ƙofofi da sanduna. Na rungume ki na shige bayan ƙofar ɗaki, na toshe miki baki da nono don kada ki yi kuka. Ina jin su suka tsaya a ƙofarmu, wani ya ce nan ma gidan Kirista ne. Sai na ji muryarta, ba ta ko ɗaga ta sosai ba. Ta ce mai jego ce a ciki, yanzu za ta tuɓe ta yi wanka, duk wanda ba mace ce ta haife shi ba ya matso ya shiga. Ta kira ɗaya da sunan uwarsa, ta ce kai ɗan Hanne, ni na yanke maka cibiya, yau ni za ka ɗaga wa sanda? Wani ya jefa dutse a kan kwanon ɗakinmu, ƙararsa har cikin haƙorana. Daga nan hayaniyar ta yi gaba. A yammacin nan aka fasa shagon wani ɗan cocinmu a bakin titi, aka kwashe komai. Ya bar Wudil, bai dawo ba. Da abin ya juya wata fuska, da maganar Yaya ce ta tabbata, na san wannan, kuma ba na ɓoye miki.

Bayan sun wuce Gwaggo ta shigo da ruwan. Ta yi mini wankan duk da haka, ranar ba faɗa, ba mita. Daga ranar Malam Sani ya fito da benci ya ajiye tsakanin ƙofarsu da tamu, ya zauna da rediyonsa har gari ya lafa. Bai taɓa ce mini komai a kai ba. Har yanzu idan na gaishe shi yana amsawa, amma a gajarce, ba kamar da ba. Ya ga abin da muka zata game da shi, kuma ban san yadda ake ba mutum haƙuri a kan irin wannan ba. Ina sa shi a addu'a, ina kuma roƙon Ubangiji ya ba ni bakin da zan yi masa magana wata rana.

Da hanya ta buɗe babanki ya iso da niyyar mu kwashe kaya gaba ɗaya. Ya shiga yi wa Gwaggo godiya, ta tare shi da cewa ya iya shimfiɗa tayil a gidajen masu kuɗi amma bai iya tara wa matarsa itace ba, ta sa shi ya faskara gungume har tafinsa ya yi kanta. Ya dawo ya zauna ya daɗe yana kallonki. Ya ce mu bari sai bayan damina mu gani. Damina ta wuce, muna nan. An yi sunanki a makare, a coci da rabin kujeru babu kowa. Ni kuwa har yau idan babura suka shigo layi da yawa, ko na ji an jefar da abu mai nauyi a waje, sai in neme ki da ido. Ban warke ba tukuna. Amma kullum da safe ina gode wa Allah, da ya sa ban haura katangar nan ba, da ya sa na zare sakata.

Da na yi arba'in, na ɗauke ki muka tafi ƙauye yawon gaishe da dangi, ina fargabar haɗuwa da Yaya Tabita. Tun da ta tafi ba ta ɗaga wayata ba. Na same ta tana shanya daddawa a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Ta karɓe ki ta juya ki, ta duba cibiya, ta sa ki a kafaɗa. Can ta ce in matso. Ta danna mini ciki da tafin hannu, ta shafa bayana, ta kama damtsena ta matsa.

"Tsohuwar ce ta yi miki har ƙarshe?"

Na ce ita ce, safe da yamma, ba ta taɓa fashi ba.

"Ta iya," ta ce, ta koma kan daddawarta.

Mun kwana biyu a gidan, ba ta ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. Ta dai tambaye ni sau ɗaya ko da gaske can za mu koma da zama, na ce can za mu koma. Ta ce ita ba za ta sake taka garin ba, kuma har yau ba ta taka ba. Ranar da za mu taho ta rako mu bakin hanya, tana goye da ke. Da mota ta tsaya ta kwance ki ta miƙo mini, sannan ta ciro wani ƙulli daga cikin zanenta, daddawa ce mai yawa, irin wadda take ajiyewa don kanta, ta tura mini a jaka.

"Ki kai wa tsohuwar," ta ce. "Kada ki ce ni na bayar."

Da na isa Wudil na kai mata, kuma na faɗa mata wadda ta bayar.